DARASI: SAKE ROBAR MATAKIN BABUR

Babur, wanda wasu ke kira moto, ya zama dokin talaka a gundumomin Magarya da Dungas na jahar Damagaram. Da shi manomin Waca ko na Bande ke kai rake kasuwa. Da shi mutanen Malawa da Guci da Dogo-Dogo ke zuwa Dungas, garin da ya zama cibiyar gunduma a shekara ta 2011. Da shi ƴan kabu-kabu ke neman abinci, daga Magarya zuwa Tinkim a bakin iyaka. Ran Alhamis kuma babura da yawa na ƙetarawa cin kasuwar Maigatari, cikin jahar Jigawa ta Najeriya. In ciwo ya tashi cikin dare, ko mace ta fara naƙuda, sau da yawa babur ne ke kai ta likita.

Mai babur ya san ya duba mai, ya duba taya, ya duba birki. Amma akwai wani ɗan abu da aka faye mantawa da shi. Shi ne robar mataki, wato robar da ke rufe ƙarfen da ake aza ƙafa. Darasin wannan karo zai nuna amfaninta, da abin da ke kashe ta, da yadda ake sake ta a gida.

MENE NE MATAKI?

Mahayin doki yana sa ƙafa cikin likkafa. In likkafa ta tsinke, mahayi ba shi da madafa. To, mataki shi ne likkafar babur.

Babur yana da mataki huɗu: 2 na gaba don mai tuƙi, 2 na baya don wanda aka goya. A yawancin baburan da ke yawo a karkara, kamar Kasea da Bajaj Boxer, ƙafar hagu ce ke sa giya, ƙafar dama kuma ke taka birkin baya. Tsakiyar ƙafa tana zaune bisa mataki, yatsu su yi aikinsu. In ƙafa ta zame, ba giya, ba birki.

Mataki iri biyu ne.

Na farko sanda ne na ƙarfe, an zura masa roba kamar yadda ake zura wuƙa cikin kube. Wannan ya fi yawa.

Na biyu faifai ne mai faɗi, wanda ke ɗaukar ƙafa duka. An shimfiɗa masa roba kamar tabarma. Irin shi ake gani a Vespa, babur ɗin da aka fara ƙerawa a ƙasar Italiya a 1946, da sauran ƙananan babura masu fili a tsakiya. Wasu baburan kuma suna da ɗan faifai a baya, don mace mai zama a karkace ta aza ƙafafunta.

AMFANIN ROBAR

Roba tana aiki 3.

1. Tana riƙe takalmi. Zanen da ke bisa roba ba ado ba ne. Shi ke kama tafin takalmi, shi ke ba ruwa da laka hanyar fita.

2. Tana shanye kaɗawar inji. A babura da yawa ƙarfen matakin gaba yana ɗaure a ƙarƙashin inji. Inji na aiki, ƙarfen na rawa. In babu roba, rawar nan na shiga ƙafa kai tsaye. Tafiyar Magarya zuwa Damagaram ta kai wajen kilomita 90. Wanda ya yi ta bisa ƙarfe tsirara zai sauka da ƙafa a mace.

3. Tana rufe bakin ƙarfe. Ƙarfen da ya goge yana yin kaifi. Yana yanka takalmi, yana yanka ƙwauri.

LABARI NA MISALI

Ga irin abin da ke faruwa kowace damina. Wani manomi yana da babur. Robar matakinsa na dama ta tsage tun bazara, daga baya ta faɗi a hanya. Bai kula ba. Ya ce ai babur na tafiya.

Ran nan cikin watan Agusta aka kwana ana ruwa. Da safe ɗansa ya tashi da zazzaɓi mai zafi. Ya goya uwar yaron da yaron, suka nufi likita. A wani kwari ya sa ƙafa ƙasa don ya tallafe babur, takalminsa na roba ya kwashi laka. Da suka fito kwarin sai ga akuya ta gitta. Ya kai ƙafa zai taka birki, ƙafa ta sulɓe bisa ƙarfe. Babur ya kwanta. Allah ya kiyaye, uwa da ɗa ba su ji ciwo ba, amma bakin ƙarfen ya tsaga masa ƙwauri. Aka je likita da maras lafiya ɗaya, aka duba biyu. Ya yi kwanaki bai shiga gona ba, ga shi lokacin noma.

Da ya samu sauƙi ya tura babur wurin makanike. Makanike ya duba, ya ce: «Baba, wannan ai ba aikin da za ka kawo mini ba ne. Kai da kanka za ka iya.»

Manomi ya ce: «Yaro, ni ban san kan inji ba.»

Makanike ya ce: «Ba inji za a taɓa ba, Baba. Sabulu da ruwa ne, sai ɗan ƙarfi. Zauna ka gani.»

Kafin shayi ya nuna an gama. Rigakafi ya fi magani.

ABIN DA KE KASHE ROBA

Asalin roba ƙaro ne na wani icce da ya fito daga dajin ƙasar Brazil. Yanzu ana noman iccen nan a ƙasashe masu ruwan sama da yawa. A duniya ƙasar Tailan ce ta fi nomansa, a Afirka kuma Kodibuwa. Ɗanyen ƙaron yana yin danƙo in ya ji zafi. Wani mutumin Amurka, Charles Goodyear, shi ya gano cewa in aka dafa ƙaron da farar wuta yana yin ƙwari. An ba shi takardar shaidar wannan dabara a 1844. Yau kuma ana yin roba mai yawa daga man fetur.

Ko wace iri ce, roba tana da maƙiya 4.

Rana. Hasken rana da zafinta suna busar da roba, ta yi tauri, ta tsattsage. A ƙasar Damagaram zafi na wuce digiri 40 cikin watannin Afrilu da Mayu. Babur da ke wuni a rana robarsa ba ta daɗewa.

Mai. Fetur da baƙin mai suna shiga cikin roba, ta kumbura, ta yi laushi, ta riƙa juyawa bisa ƙarfe. In inji na yoyon mai, sai a gyara yoyon tukuna.

Rairayi. Ƙasar Magarya da Dungas ƙasar jigawa ce. Rairayin da ke manne a takalmi yana goge zanen roba kullum, kamar dutsen niƙa.

Faɗuwa. Duk lokacin da babur ya kwanta, mataki ne ke fara dukan ƙasa.

YAUSHE AKE SAKE TA?

Mai babur ya tsuguna ya duba matakinsa sau ɗaya a mako. In ya ga ɗaya daga cikin alamun nan, lokaci ya yi:

- zanen roba ya shafe, ta yi sumul;
- roba ta tsage, ko ƙarfe ya leƙo;
- roba na juyawa in an murɗa ta da hannu;
- roba na zarewa waje;
- roba ta yi tauri, farce ba ya shiga.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen bazara, kafin ruwa ya sauka. A sake ta hagu da ta dama tare, don ƙafafu su zauna daidai.

SAYEN SABUWA

Ana samun roba wurin masu sayar da kayan babur a Magarya da Dungas da Damagaram, da manyan kasuwannin mako. Kowane babur da irin tasa. Mai saye ya tafi da tsohuwar a aljihu, ko ya tafi da babur ɗin. Ya gwada tsawo, ya gwada faɗin rami. Ramin wata zagaye ne, na wata mai kusurwa ne.

Ya lanƙwasa ta da hannu. Ta ƙwarai tana lanƙwasuwa ta koma yadda take. Wadda ta yi fari-fari a wurin lanƙwasa, ko ta nuna ƴan tsage-tsage, ta tsufa a shago. A bar ta. Wasu robobi suna da harafi a ciki: L na hagu ne, R na dama ne. Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci zai gane su da kansa.

KAYAN AIKI

- sabuwar roba;
- sifana, wadda ake kuma ce wa kile: lamba 10, da 12, da 14;
- filaya ko awartaki;
- wuƙa mai kaifi;
- samfefa, ko tsumma da rairayi mai laushi;
- kwano da ruwan zafi;
- sabulu;
- guduma da guntun katako.

Lambar da ke jikin sifana faɗin bakinta ne a milimita. Sifana lamba 12 tana kama noti mai faɗin milimita 12. In aka sa babba a ƙaramin noti, sai ta cinye masa kai.

YADDA AKE SAKE ROBAR SANDA

1. A kashe babur, a zare makulli, a bari inji da salansa su huce. Salansa mai zafi na ƙona fata nan take.

2. A kafa babur bisa ƙafarsa ta tsakiya, a wuri mai tauri. In rairayi ne, a sa katako a ƙarƙashi. A kori yara ƙanana daga wurin.

3. A jiƙa sabuwar roba cikin ruwan zafi, wanda hannu ke iya daurewa. Zafi na sa ta yi laushi. In babu ruwan zafi, a aje ta a rana ɗan lokaci.

4. A duba yadda tsohuwar ke riƙe. Wata matsi kaɗai ke riƙe ta. Wata tana da noti a ƙarƙashi ko a baki. In da noti, a kwance shi. Murɗawa wajen hagu kwancewa ne, murɗawa wajen dama ɗaurewa ne. A zuba noti da zobensa cikin kwano, don abin da ya faɗa rairayi ya tafi ke nan.

5. A murɗa tsohuwar roba, a jawo ta waje. In ta ƙi, a tsaga ta a tsaye da wuƙa. Bakin wuƙa ya dubi waje, kada ya dubi jikin mai yanka.

6. A goge ƙarfe har tsatsa ta fita. In da maiƙo, a wanke da sabulu, a shanya.

7. A duba ƙarfen da kyau. Wannan shi ne babban aiki. Ya lanƙwashe? Walda ta tsage? In haka ne, sabuwar roba ba ta maganinsa. Sai a kai wa mai walda, ko a sake ƙarfen. A girgiza shi da hannu. In yana motsi, notukan ƙarƙashin inji sun saki, a ɗaure su. Amma a ɗaure da hankali. Jikin inji na sanholo ne, ya fi noti laushi. Wanda ya taka sifana da ƙafa zai cinye zaren ramin, gyara ya zama babba. A babura da yawa jikin wannan ƙarfe ne ƙafar jingina babur take, saboda haka in ya saki, babur na iya faɗuwa ko a tsaye.

8. A shafa kumfar sabulu a ƙarfe da cikin ramin roba. Kada a sa baƙin mai, ko giris, ko fetur. Sabulu na bushewa, roba ta kama ƙarfe. Mai ba ya bushewa, kuma yana cin roba.

9. A zura roba, zane yana duban sama. A tura da tafin hannu. In ta tsaya a rabi, a aza katako a bakinta, a bubbuga da guduma sannu-sannu har ta kai ƙarshe.

10. A maida noti in akwai. A yi haka a ɗaya gefen.

Matakin baya yana naɗewa sama. Wata ƴar ƙusa ce ke riƙe shi, an soke bakinta da ƴar waya mai ƙafa biyu. A miƙe wayar da filaya, a zare ta, a fidda ƙusa, a sake roba. Wajen maidawa a buɗe ƙafafun wayar, ɗaya nan, ɗaya can. In ta karye, a sa sabuwa. Kada a sa tsinke ko zare a madadinta.

YADDA AKE SAKE ROBAR FAIFAI

Robar faifai tana da ƴan kawuna a bayanta, kamar nonon akuya. Kowane kai na shiga rami ɗaya a jikin faifai.

1. A ɗaga tsohuwar daga gefe, a fizge kawunan ɗaya-ɗaya.

2. A share faifai. Ruwa da laka na kwana ƙarƙashin roba, tsatsa ta ci ƙarfe a ɓoye. A goge tsatsa. In da fenti, a shafa, a bari ya bushe.

3. A aza sabuwar, a ga kowane kai ya dace da raminsa.

4. A shafa wa kawunan sabulu. A danna daga sama da babban yatsa, a kama kan daga ƙasa da filaya, a ja sannu har wuyansa ya wuce rami. Wanda ya fizga da ƙarfi zai tsinke shi.

5. A fara daga tsakiya a nufi gefe, don kada roba ta yi tudu.

Wata robar faifai da noti ake ɗaure ta, wata kuma da gam. In ta gam ce, a kankare tsohon gam sarai. A shafa sabo a faifai da bayan roba, a jira ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan a haɗa, a danne da abu mai nauyi.

GWAJI KAFIN TAFIYA

Ba a hawa hanya sai an gwada.

- A bari sabulu ya bushe. In an yi aikin da marece, a bar shi ya kwana.
- A murɗa roba da hannu. Kada ta juya.
- A hau, a taka mataki da ƙarfi, hagu da dama.
- A taka birkin baya. Ya sauka, ya komo, bai gogi roba ba.
- A sa giya sama da ƙasa.
- A zagaya fili sannu kafin a ɗauki kowa.

Sandar giya da sandar tada inji su ma suna da ƴar robarsu. In sun cinye, a sake su ta wannan hanya.

IN ROBA TA FAƊI A DAJI

Mai babur na iya yanka tsohuwar robar cikin taya, ya naɗe ƙarfen tam, ya ɗaure bakin a ƙarƙashi. Kada ya bar jela tana reto. Wannan dabara ta kai shi gida ce, ba ta shekara ba. Tsumma da leda ba su da amfani: tsumma na shan ruwa, leda na santsi.

HAKKIN WANDA AKA GOYA

Wanda ke baya ba shi da abin riƙo sai mataki. In mataki ya karye ko babu shi, ƙafa na reto. Tana iya shiga wayoyin taya, tana iya taɓa salansa. Wannan ya fi samun mata da yara, masu takalmi silifa. Yaron da ƙafarsa ba ta kai mataki ba, bai isa a goya shi shi kaɗai ba. Mace ta tattara zane da hijabi, namiji ya tattara babbar riga, don kada sarƙa ta kama. Ɗan kabu-kabu da ya karɓi kuɗin mutum ya karɓi amanar ƙafarsa.

In ƙarfe ya yanki mutum, a wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a tafi likita. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko baƙin mai. Ƙwayar cutar tetanos, mai sandarar da jiki, tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma ta ciwo take shiga. Akwai allurar rigakafinta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa cikin rahotonta na 2023 cewa hatsarin hanya na kashe mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 kowace shekara. Roba mai kyau na tsare ƙafa, amma ba ta tsare kai. Mai tuƙi da wanda aka goya su sa hular kwano, su ɗaure igiyarta.

DON ROBA TA DAƊE

- A aje babur a inuwa, ƙarƙashin icce ko rumfa.
- In mai ya zuba a roba, a wanke da sabulu nan da nan.
- A kakkaɓe takalmi kafin a hau.
- Kada a ɗaure buhu ko ɗaurin rake a jikin mataki.

LISSAFI

Kuɗin da ke nan na misali ne. Kowace kasuwa da nata. Dala 1 sefa 5 ce. Jikka 1 dala 200 ce.

1. A ce roba ta ƙwarai ɗaya dala 100 ce. Nawa ne kuɗin 2? Nawa ke nan a sefa?

2. A ce robar araha guda 2 dala 120 ne, amma wata 4 suke yi. Sau nawa za a saya a shekara? Nawa za a kashe?

3. A ce ta ƙwarai tana shekara guda. Wa ya fi kashe kuɗi a shekara, mai sayen ta araha ko mai sayen ta ƙwarai? Da dala nawa?

Amsa: (1) dala 200, wato sefa 1.000, jikka guda. (2) sau 3, dala 360. (3) mai sayen ta araha, da dala 160.

TAMBAYOYI DON AJI

1. Wane aiki ƙafar hagu ke yi a babur? Ta dama fa?
2. Mene ne amfanin zanen da ke bisa roba?
3. Waɗanne abubuwa 4 ne ke kashe roba?
4. Don me ake sa sabulu, ba a sa mai?
5. Me za a duba a jikin ƙarfe kafin a zura sabuwar roba?
6. Me ya kamata a yi in ƙarfe ya yanki mutum?

Malamin aji ya nemi a kawo babur guda gaban ɗalibai. Kowa ya nuna mataki, da birki, da giya, ya rubuta sunansu a allo. Wanda ke da babur a gida ya duba robarsa yau, ya kawo wa aji labarin abin da ya gani. Wanda ba shi da shi ya karanta wa maƙwabcinsa wannan darasi.